Bel a Ƙarƙashin Riga

Kada wani ya ruɗe ku, Tirela ba wajen ceton rai ya faɗo ba. Hoton kansa yake ratayewa. Shi ne mai gidan ɗaga ƙarfen da ke saman shagon masu gyaran firji, kuma ya sa an buga masa wani makeken allo mai ɗauke da shi daga cibiya zuwa sama, ba riga, an shafe shi da mai, ya murɗe damtse yana hararar masu wucewa. Abokansa suka ce a kira mai walda ya kafa. Ya ce yana raye wani ƙato ba zai taka tsani ya dafa masa fuska ba. Ya hau da kansa, tsanin ya zame. Allon ko ƙwarzane bai yi ba. Shi kuwa laka ta taɓu, daga ƙasan ƙirji zuwa yatsun ƙafa jikin da ya yi shekaru yana ginawa ya daina jin maganarsa.

Lokacin matarsa tana da ƙaramin ciki, na fari, bayan dogon jiran da har dangi sun gaji da yi musu gori. Tela ce, shagonta a ɗakin gaba na gidan, kuma irin matan nan ce da ba sa maimaita magana. Ta yi jinyarsa ba ƙorafi, ta koyi juya shi, ta koyi duba masa baya saboda gyambon kwanciya. Amma wata rana da rana ta ga ya miƙa hannu biyu zai karɓi kofin shayi, ya tafi gaba ɗaya kamar an tunkuɗa ƙofa, fuskarsa ta sauka cikin faranti. Ta ɗago shi, ta goge masa gemu, sannan ta faɗa masa abin da ke ranta. Ta ce in Allah Ya sauke ta lafiya, ba za ta ɗora masa jariri a hannu ba sai ya iya zama da kansa, hannayen nan biyu a sama, ba dafe da komai ba.

Maganar ta soke shi, don duk burgar Tirela akwai abu ɗaya da yake so tsakani da Allah, shi ne ya ɗauki ɗansa. Ya daɗe yana hango kansa da jariri kwance a kan wannan ƙirjin. Sai dai shi a kansa abin ba wuya. Mutumin da ya saba ɗaga abin da ƙarti uku ke nishi a kai, wai zama ne zai gagare shi?

Aka fara kai shi sashen gashin ƙashi na asibiti, wanda kowa ke kira fisiyo. Ɗaki ne dogo mai warin maganin goge ƙasa, da wasu faffaɗan gadaje gajeru masu shuɗiyar leda, da madubi bango guda, da manyan ƙwallayen roba a lungu. Tirela ya waiga hagu ya waiga dama yana neman ƙarfe, bai ga ko na ƙulla ƙofa ba. Likitar da aka ba shi wata 'yar siririya ce mai tabarau, wadda a ganinsa damtsensa ɗaya ya fi ta nauyi. Ta sa aka zaunar da shi a bakin gado, ƙafafunsa a ƙasa, ta tsaya a gabansa ta ce ya ɗaga hannu ɗaya daga katifa. Ya ɗaga yana murmushin raini. Ta ce ya ɗaga na biyun. Kafin ya gama cewa to, goshinsa na kan kafaɗarta.

Ta mayar da shi ba tare da ta yi dariya ba, wanda hakan ya fi ba shi haushi. Ta yi masa bayani a tsanake. Ta ce da can naman cikinsa da na gadon bayansa ne ke riƙe shi a zaune ba tare da ya sani ba, yanzu yawancinsu ba sa jin kira. Ɗan abin da ya rage a sama shi za a tasa a ƙarfafa, sannan kansa da kafaɗunsa su koyi sabon aiki: in jiki ya yi gaba su ja baya, in ya yi dama su yi hagu. Ta ce abin ba da ƙarfi ake yinsa ba, maimaici ne, yau da gobe, har jiki ya riƙa yi kafin tunani ya iso. Tirela ya ji kalmar "ba da ƙarfi ba", daga nan ya rufe kunnensa.

To me ake yi a ɗakin? A ajiye kofin roba a gefe a ce ka ɗauko ka mayar. A kwantar da kai rubda ciki a ce ka dogara da gwiwar hannu ka ɗaga ɗaya. A sa ka kallon kanka a madubi kana layi, likita na ɗan tura ka da yatsu biyu ta nan, ta can. Sai babban abin takaicin, balan-balan. Ja, irin wanda ake hura wa yara. Ta jefo, ka doke shi da hannu biyu ya koma. A gadon da ke kusa akwai wata tsohuwa da mota ta buge, ita kam har guɗa take in ta doke nata, tana ce wa Tirela, ɗan nan saki jikinka mana. Shi da aka buga hotonsa a allo, yau shi ne ake haɗawa aji ɗaya da kakar wani.

Wai shi a dole ba ya faɗuwa, sai ya koyi sata. Ya soke babban yatsa a ɗinkin katifa. Ya maƙale gwiwar hannu a cinya. In a keken guragunsa yake, ya saƙala hannu ta bayan mariƙin turawa ya yi kamar miƙa yake. Likitar tana gani, don madubin nan ba don ado aka kafa shi ba. Ta ce masa, "Malam, ni ba ni za ka ci jarrabawa a wurina ba. Ni in ka faɗi zan tare ka."

A gida kuma ga 'yan koransa. Manyan abokansa biyu, Kwalba da Mai-Wuya, su ke riƙe masa gidan ƙarfen, kuma kusan kullum da yamma suna falonsa sun cika kujeru. Da ya ba su labarin balan-balan Kwalba har da faɗowa ƙasa don dariya. Mai-Wuya ya ce wannan ai cin mutunci ne, mace ba ta san jikin namiji ba, Oga ƙarfe ne ya gina shi ƙarfe ne kuma zai tashe shi. Washegari suka yi sallama da ƙarafa a buhu. Tirela ya jingina da bayan keke, aka danna masa filo ta ko'ina, ya shiga ɗagawa suna ƙirga masa suna kirari. Ranar ya yi barci da daɗi, abin tausayi.

Damatsa suka kumbura, kafaɗu suka ƙara faɗi, wuyan riga ya daina rufuwa. Ƙasan kuma yana nan yadda yake, sai ma ƙara laushi. Da likitar ta ga yadda ya koma ta cire tabarau ta goge, ta ce yana ta ɗora bene a kan ginin da ba a zuba wa ginshiƙi ba, yanzu in ya tafi faɗuwa ya fi da sauri. Ta ce ƙarfin hannu yana da amfaninsa, da shi zai riƙa tashi daga keke zuwa gado, amma ba zai zaunar da shi ba. Sannan ta ɗauko wata ɗamara mai faɗi ta nuna masa. Ta ce wannan a ƙirji ake sa ta a zagayo bayan keke, mutane da yawa da ita suke aikinsu, da ita suke ɗaukar 'ya'yansu, ba abin kunya ba ne. Ya sa ta kafin jikin ya koya, kuma ya gaya wa mutanen gida yana sa ta, don su san inda za su bar shi da inda ba za su bar shi ba.

Tirela ya dubi ɗamarar kamar an miƙo masa kashi a leda. Ya ce shi ba buhun gawayi ba ne da za a ɗaure a bayan babur. Ya juya kekensa ya fita, tsohuwar nan na yi masa Allah Ya kiyaye hanya. Bai sake komawa ba. Ya gaya wa matarsa an sallame shi, wai likita ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya yi saurin koyo irinsa ba. Matar, da cikinta ya tsufa har ba ta iya raka shi asibiti, ta ɗaga ido daga ɗinkin da take yi ta ce madalla, sai ya nuna mata.

Nan fa ɗaya. Ya yi ta ja mata rai, yau bayansa na ciwo, gobe ya gaji. Kwalba ne ya kawo dabarar, kuma ya kawo ta yana alfahari kamar ya gano maganin mutuwa. Bel ɗin ɗaga ƙarfe na Tirela, na fata mai faɗin tafin hannu biyu, yana nan rataye a gidan ƙarfe. Suka kai wa mai gyaran takalma ya ƙara masa madauri ta baya. Suka tsaga wata babbar rigar wasanni ta baya, madaurin ya bi ta tsagar ya kama ƙarfen keke, aka jefa tawul a kai. Ku duba fa: mutumin da ya ƙi ɗamarar likita don kada a ce an ɗaure shi, ga shi a ɗaure tamau, bambancin kawai wannan ba wanda ya sani. Tirela bai ga abin dariya a ciki ba. Shi a wurinsa wannan kayan maza ne.

Aka kira matar falo. Mai-Wuya ya ciko jarka da ruwa ya dire a gaban keke. Tirela ya sunkuya iya inda bel ya bar shi, ya kama ta da hannu biyu, ya ɗaga ta sama da kansa, ya juya dama, ya juya hagu, ya sauke. Abokai suka ɗau tafi. Matar ba ta tafa ba. Ta dafa bango ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da gefen mayafi ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kira ta asibiti. Ta ce ta gode wa Allah, ta ce ya yafe mata da ta yi shakkarsa. Kunya ta kama Tirela, ta gaske. Ya buɗe baki, ya ga Kwalba na kashe masa ido, ya haɗiye.

Ta haihu lafiya, mace. Surukarsa ta tare a gidan da akwatinta da dokokinta, mace mai kaifin harshe wadda tun farko ba ta ga abin da 'yarta ta gani a mutumin da sana'arsa ɗaga abu ya ajiye ba. Ta ce ba za a ba shi jaririya ba. Matar ta ce, Mama, na gani da idona. Ta ɗauko ta da kanta ta kwantar masa a ƙirji.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ranar Tirela ya zama mutum. 'Yar abar ba ta kai nauyin ƙaramin ƙarfensa ba. Ta kama gashin ƙirjinsa ta wuyan riga ta riƙe, ya ji duniyar ta dawo masa. Daga ranar kullum da safe sai ya sa Kwalba ya biyo ya taya shi shiri kafin a buɗe gidan ƙarfe, a sa bel, a sa riga, a jefa tawul, sannan ya ce a kawo masa Bebi. Ya iya lallashi, ya iya jijjigawa, har surukar ta fara cewa ashe dai yana da rana. Matar ta yi mamakin son da yake wa rigar nan guda ɗaya da zafin nan, ya ce ita ce ba ta matse masa hammata. Wani lokaci yakan tuna da ɗakin fisiyo, ya ce a ransa in abubuwa sun lafa zai koma a ɓoye. Abubuwa kuwa ba sa lafawa a gidan mai jego.

Ranar da abin ya faru, rana ce tsaka, ana zafi. Ya yi wanka, ya ja jikinsa daga keke zuwa bakin gado da ƙarfin damtsen nan, yana zaune daga shi sai gajeren wando, hannu biyu dafe da katifa. Matashin keken ya jiƙe, surukar ta tura keken duka tsakar gida ya sha rana, ta shige banɗaki. Bel yana ƙarƙashin gado cikin jakar Kwalba. Matar ta gama shayar da Bebi ke nan aka yi sallama a shago, wata mai gwajin riga da ta tsawwala tun safe. Ta kwantar da yarinyar a kan gadon, ɗan nesa da shi kaɗan, tana gyara zani.

Ta ce, "Abban Bebi, ɗauke ta ka sa a kafaɗa ta yi gyatsa. Yanzu zan dawo."

Kalma biyar ce ko shida za ta fitar da shi. Da ya ce ba zan iya a nan ba, da shi ke nan. Ya dube ta, ya ga yadda ta juya baya hankali kwance, irin kwanciyar hankalin da shi ya sayar mata. Ya ce to.

Ya yi lissafin zai ɗan shafa ta da hannu ɗaya har uwar ta dawo, ya ce ta riga ta yi. Ya miƙa hannun dama, na hagu na riƙe da shi, yatsunsa suka kai ƙafarta da kyar. Daga shago yana jiyo mai rigar tana masifar an matse mata hannu. Sai Bebi ta yi wani ɗan motsi, tumbuɗi ya taso mata, fari, ta baki ta hanci, tana kwance rigingine. Ya jira kuka. Ba kuka. Fuskar ta yi ja, ta fara duhu, 'yan hannuwan na dukan iska.

Tsoro irin wanda bai ji ba ko ranar da yake faɗowa daga tsani ya rufe shi. Ya saki katifa ya kai hannu biyu. A cikin wannan ƙiftawar ya tuna an ce kai ya ja baya, kafaɗa ta yi ɗaya gefen, ya san maganar sarai, amma jikin bai taɓa koyonta ba. Ya tafi gaba ɗaya. Duk naman da ya tara a sama ya rufto ta gefe, gwiwar hannunsa ta nutse a katifa dab da kan yarinyar, har ta yi tsalle. Da hannun da ya rage ya tura ta ta juya gefe. Ta yi tari, madarar ta zubo, ta tsala ihu.

Bai samu ya yi hamdala ba. Faɗuwar ta karkatar da ƙugunsa daga bakin gado, ƙafafun da ba ya ji suka fara jan sa ƙasa. Hannunsa ya damƙi zanen gado da kansa, kuma damƙar Tirela ba ta wasa ba ce. Zanen ya biyo shi, Bebi a kai, tana tahowa bakin gado. Ya gani. Ya buɗe yatsunsa ya tafi, haɓarsa ta daki ƙarfen gado, fuskarsa ta daki siminti. Daga nan ƙasa, bakinsa cike da jini, ya kwarma wa matarsa kira da muryar da unguwa ba ta taɓa jin irinta daga gare shi ba, muryar mai neman taimako.

Su uku suka shigo a tare: matar da tef a wuya, mai gwajin riga da hannun rigar ɗaya a ɗinke ɗaya cike da fil, surukar da ruwa na ɗiga daga hannunta. Bebi na kwance a karkace, tsakaninta da bakin gado bai fi tafin hannu ba. Matar ta tsallake shi ta sure ta, ta kifa ta a hannu tana bubbuga bayanta, tana share mata hanci da bakin zani. Surukar ta shiga salati tana tambayar me ya faru, wane irin sakarci ne wannan, ƙato kamarsa. Mai rigar ta ce ita dai a rufa masa jiki. Ba wadda ta yi yunƙurin ɗaga shi, ko sun yi ma ba za su iya ba.

Sai da numfashin yarinyar ya daidaita matar ta dubi ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa, da zanen da ya zamo, da inda yarinyar ta tsaya. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Ranar jarka. Yaya aka yi?"

Ya ce, "Ɗaure nake. A jikin keke."

"Kullum?"

"Kullum."

Ya so ya ce shi ya juya ta, shi ya saki zanen, da bai saki ba da yanzu wani zancen ake. Gaskiya ne kuma. Amma ya ga fuskarta ya san ta riga ta gane wannan, kuma bai rage komai ba. Abin da ya gani a idonta ba fushi ba ne, da fushi ne da ya ji sauƙi. Kallon da take yi wa wuƙa ne in ta gan ta kusa da gadon yarinya.

Ta juya ga uwarta ta ce, "Mama, daga yau in ba ni ba, ke. Ko a keke ko a gado, kada a bar masa ita." Surukar, wadda a ce wata rana ce da ta yi guɗa, ta gyaɗa kai kawai ta fita neman maƙwabta maza.

Matar ta rasa hannun ɗebo ruwan wanke masa baki. Ta waiga, ta miƙa Bebi ga mai gwajin riga, matar da ko sunanta ba su gama sani ba, ta ce don Allah ta ɗan riƙe mata, ta yi hankali da fil. Baƙuwar ta karɓa da hannu biyu ba tare da ta yi tunanin komai ba, ta ɗora ta a kafaɗa ta fita falo tana jijjigawa. Tirela na kwance kumatu a siminti, yana kallon ƙafafun gado, ya jiyo 'yarsa ta yi gyatsa.